Takardun da Ke Sauke Ma'aikacin Jirgin Ruwa a Tasha: Yadda Za Ka Haɗa Su Tun Daga Daura

Mu ashirin da biyu ne a cikin jirgin. Mun yi kusan mako uku a kan ruwa ba mu ga ƙasa ba, sai ga mu mun ɗaure a wata tasha ta Turai da hantsi. Jami'an shige da fice biyu suka hau, suka zauna a ofishin jirgi, kyaftin ya jera musu fasfo ɗinmu a kan tebur tare da takardar sunayen ma'aikata. A kira mutum, ya shiga, a dubi fuskarsa, a dubi hoto, a sallame shi. Da aka zo kaina sai jami'ar ta daɗe tana kallon takardu, sannan ta ɗago ta ce, "Wanne ne kai a cikin biyun nan?"

A fasfo an rubuta Mohammed, sai sunan mahaifina. A littafin aikin jirgi an rubuta Muhammad, sai Daura, kamar yadda aka yi mini rajista tun firamare. Wanda ya buga sunayen ma'aikata daga littafin ya kwafo. Na ce mata duk ni ne, a wurinmu haka ake yi. Ba ta yi mini tsawa ba, ba ta wulaƙanta ni ba. Ta dai mayar da fasfon gefe, ta kira na gaba. Mutum ashirin da ɗaya suka samu izinin sauka, ni na kwana uku ina hangen gari daga saman jirgi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na baro Inna ba lafiya, kuma burina kawai in sauka in sayi layin waya in ji muryarta. Kukunmu, wani dattijo ɗan Filifin, shi ya sayo mini layin da kuɗinsa. Allah Ya saka masa.

Ni ma'aikacin ɗakin inji ne. Duk sa'ad da na dawo hutu, samari kan same ni a zaure bayan sallar isha'i su ce, "Kawu, ta ina ake farawa?" Tambayar ta ƙaru tun da aka buɗe Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura, don yanzu yaranmu sun fara ɗaukar sufuri a matsayin fagen karatu. Suna sa ran in fara da labarin albashi ko igiyar ruwa. Ni kuwa kullum da suna nake farawa.

A nan gida mutum ba ya buƙatar takarda don a san shi. Ka faɗi unguwarku, ka faɗi ubanka, an gama. Ko ta Kwangwalam ka bi zuwa Nijar, sau da yawa akwai wanda ya san kawunka. A bakin teku babu wanda ya san kowa naka. Jami'in da ke gabanka yana da minti biyu, yana da takardu uku ko huɗu, kuma aikinsa ya ga ko harafi ya yi daidai da harafi.

Saboda haka kafin ka kashe ko kwabo a kan kwas, ka kwaso duk takardunka ka shimfiɗa su a tabarma: takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, sakamakon sakandare, shaidar ƙaramar hukuma, takardar NIN, da ta banki. Ka ɗauki biro ka rubuta sunan da ke jikin kowace a layi ɗaya, harafi bayan harafi. Zan yi mamaki idan duka suka zo ɗaya. Za ka ga Abubakar a nan, Abubakar Sadiq a can. Za ka ga Muhammad, Muhammed, Mohammed, har da wanda aka taƙaita aka rubuta Moh'd. Wata takardar ta ɗauki sunan gari ta mai da shi sunan iyali, wata ta ɗauki sunan uba, wata ta kakanka. Ka zaɓi guda ɗaya, ka tsaya a kansa har ƙarshen aikinka. Shawarata ita ce ka bi abin da ke rumbun NIN, domin daga nan hukumar shige da fice ke jawo bayanan fasfo. Idan na NIN ɗin ne ke da kuskure, ka fara gyara shi a hukumar NIMC, ka yi takardar rantsuwa a kotu, sannan ka nemi fasfo. Wanda ya yi fasfo tukuna ya dawo gyara, wahala biyu ya saya.

Ka lura da wani abu kuma. A ƙasan shafin hoto na fasfo akwai layi biyu da na'ura ke karantawa, kowanne da gurbi 44. Na'urar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, ba ta kuma ɗaukar alamar hamza. Ɗanjuma zai fito DANJUMA, Mu'azu zai fito MUAZU, Sa'idu ya zama SAIDU. Wannan ba kuskure ba ne, ƙa'ida ce ta duniya. Amma ka san yadda naka ya fito, kuma duk fom ɗin da za ka cike a waje ka rubuta shi haka, sunan iyali a gurbin sunan iyali. Mu Hausawa mun saba fara faɗin sunan yanka, fom kuwa yakan fara da na iyali. Na ga wanda aka juya masa sunayensa a tikitin jirgin sama, aka hana shi hawa, jirgin ruwansa ya tashi ya bar shi.

Ranar haihuwa ma haka. Da yawa daga cikinmu a gida aka haife mu, ba a rubuta rana ba, sai da za a shiga makaranta aka ƙiyasta. Babu laifi idan taka 1 ga Janairu ce, jami'ai sun saba ganinta. Laifin shi ne ta zama shekara kaza a fasfo, shekara kaza a takardar likita. Kada ka rage shekaru don wani ya ce maka kamfani ya fi son yara. Shekara biyun da ka rage za su bi ka cikin kowace takarda, kuma ranar da suka ci karo da wata tsohuwar shaida, babu mai sauraron uzurinka. Idan kana cike fom na Amurka kuma ka tuna su wata suke fara rubutawa kafin rana.

Fasfo ba shi da dogon bayani. Hukumar shige da fice ke bayarwa, kuma a Katsina ma ana yi. Akwai na shekara 5 da na shekara 10, akwai mai shafi 32 da mai 64. Ma'aikacin jirgi ya ɗauki mai shafi 64 idan da hali, don hatimi na cinye shafi da sauri. Kamfanoni kan so fasfon ya kai ƙarshen kwantiragi, ya kuma yi rarar aƙalla wata shida. Takardar tafiya ta ECOWAS da ake zuwa Maraɗi ko Damagaram da ita ba za ta yi maka wannan aikin ba.

Daga nan sai ka shirya tafiya kudu, domin horon farko a bakin ruwa ake yin sa. Tsarin da duniya ke bi sunansa STCW, yarjejeniyar hukumar jiragen ruwa ta duniya, wato IMO, ta 1978, wadda aka yi wa babban gyara a 1995, aka sake yi a Manila a 2010. Kowa da ke aiki a jirgi, daga kuku har kyaftin, sai ya yi darussa huɗu na tushe: tsira da rai a cikin ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai da zaman tare. Akwai kuma na sanin tsaro. A darasin tsira za a sa maka rigar iyo a ce ka diro cikin ruwa daga sama, ka kuma juyar da kwalekwalen ceto da ya kife. Ni da iyakar iyona kududdufin bayan gari da damina, ƙafata ta yi rawa ranar, amma na dira, kuma kai ma za ka dira. Ana yin wannan horo a Makarantar Koyon Aikin Teku ta Oron a jihar Akwa Ibom, da wasu cibiyoyi a Legas da Fatakwal. Kafin ka biya kuɗi ka tabbata cibiyar na cikin waɗanda NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ta amince da su. Takardar cibiyar da ba ta cikin jerin, ko an yi mata ado da zinare, ba ta da amfani. Na tsira da na gobara ana sabunta su duk shekara 5.

Takardar lafiya ma ba kowane asibiti ke bayarwa ba, sai likitan da NIMASA ta amince da shi. Iyakar ranta shekara 2, ga wanda bai kai 18 ba kuma shekara 1. Ana gwada ji da gani, har da bambance launi, domin mai gadi da dare dole ya raba jar fitila da koriya. Ina ba yara shawara su je a duba musu wannan tun a Katsina kafin su sayar da akuya su tafi Legas. Akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, kuma ba su taɓa sani ba.

Yanzu ga takardu biyu da mutane ke rikitawa. Na farko littafin aiki, wanda ma'aikata ke kira dischaj buk. Shi ne tarihin aikinka: sunan jirgi, lambarsa, muƙaminka, ranar da ka hau, ranar da ka sauka, sa hannun kyaftin da hatimin jirgi. Da shi ake lissafa watannin da ka yi a teku idan za ka zauna jarrabawar ƙarin girma. Na biyu katin shaidar ma'aikacin jirgi, SID. Duka biyun NIMASA ke bayarwa ga ɗan Najeriya.

Katin SID yana da tarihi, kuma sanin tarihin zai sa ka gane dalilin tsananin da za ka gani. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fara yin yarjejeniya kan shaidar ma'aikatan jirgi a 1958, mai lamba 108. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, ƙasashe suka tsorata da duk wanda ke shigo musu ta ruwa. Sai aka sake sabuwa a 2003, mai lamba 185, ta fara aiki a Fabrairu 2005, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita, a 2004. Da farko zanen yatsa aka sa a katin. A 2016 aka gyara, aka koma hoton fuska da ke ajiye cikin ɗan guntun lantarki irin na fasfo. Ƙasarka ce ke ba ka shi, ba ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ba. Iyakar ransa shekara 10, da sabuntawa bayan 5 na farko.

Abu uku nake so ka riƙe game da shi. Ba fasfo ba ne, an ma rubuta haka a jikinsa, don haka ba za ka hau jirgin sama da shi kaɗai ba. Yarjejeniyar ta ce mai riƙe da shi a bar shi ya sauka shan iska a garin da jirgi ya tsaya ba tare da biza ba, sai in akwai dalilin lafiya ko tsaro. Sannan katin naka ne, a hannunka zai zauna. Kyaftin na iya ajiye maka shi, amma da yardarka a rubuce. Wannan na ukun mutane da yawa ba su san shi ba. A al'ada kyaftin kan tara fasfo a akwatin ƙarfe saboda jami'ai, wannan ba komai. Amma duk kamfanin da ya riƙe takardunka don kada ka tafi, ka nemi sufeton ITF, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, a tashar farko da kuka shiga. Akwai su a manyan tashoshi, kuma aikinsu ke nan.

Ba duk ƙasashe ne suka shiga yarjejeniya ta 185 ba. Wasu na kan ta 108, wasu ba sa kan ko ɗaya. Shi ya sa za ka ga a wannan tasha katin ya isa, a ta gaba kuwa ko kallonsa ba a yi.

Jirgin da za ka yi wa aiki wataƙila tutar Panama ko Laberiya ko Tsibiran Marshal yake ɗauke da ita, don su ne kan gaba a rajistar jirage idan aka auna da girman jiragen. Ƙasar tuta kan ba da nata littafin, kamfani ne ke nema maka. Hafsoshi kuma sai ƙasar tuta ta amince da takardar ƙwarewarsu, kuma doka ta ba su wata 3 su yi aiki da shaidar cewa sun nema kafin ta fito. A nan ma ka duba sunanka ranar da littafin ya iso. Magatakardan da ke wata nahiya bai san Ɗahiru da Tahir ɗaya ba ne.

Katin rigakafi kowa ya san shi a gidan alhazai, ruwan ɗorawan nan da ake cewa yalo kad. Na cutar shawara shi ne wanda ake nema. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da allura ɗaya ta isa har abada, ba sai an sake bayan shekara 10 ba kamar da. Ka je ofishin lafiya na mashigin ƙasa, irin wanda ke filin jirgin Malam Aminu Kano, a yi maka allurar da gaske. Na san ana sayar da katin a bayan fage ba tare da allura ba. Don Allah kada ka yi. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ke yawo, jami'an waje sun san haka, suna duba namu fiye da na wasu. Kuma jikinka ne zai shiga tashoshin da sauro ya yi yawa, ba katin ba.

Biza kuwa aikin kamfani ne, amma ka san me ake nema maka. Amurka ba ta shiga yarjejeniya ta 185 ba, sai da biza mai suna C1/D, wadda ake zuwa ganawa dominta a ofishin jakadanci a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Idan jirgi ya isa, jami'in kan iyaka zai ba mai biza takardar sauka, I-95, wadda ba ta wuce kwana 29. Wanda ba shi da biza ba a kore shi, amma ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba, ko don ya duba igiya. Ostareliya na da tata bizar ma'aikatan jirgi, mai lamba 988, wadda ake nema ta intanet, kuma tana aiki ne ga wanda ya shigo ta ruwa. Idan ta sama za ka je ka tarar da jirgi, sai an haɗa da bizar wucewa. Turai ma idan za ka sauka a filin jirgin sama ka wuce tasha, ɗan Najeriya na buƙatar bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai. Dokokin biza na canzawa, don haka kowace tafiya ka sa kamfani ya rubuto maka abin da ake nema a lokacin.

Ranar tafiya, abin da zai kasance a jakar hannunka, ba a akwatin da ake aunawa ba: fasfo, SID, dischaj buk, duk takardun horo na asali, ta likita, katin rigakafi, kwantiragin da ka sa wa hannu, da wasiƙar kamfani mai ɗauke da sunan jirgi, tashar da yake, da lambar wayar ejan, wato wakilin jirgi a tashar. Tikitinka na zuwa ne kawai babu dawowa, kuma wannan wasiƙar ce ke gamsar da ma'aikacin filin jirgi. Akwati na iya ɓata ya biyo ka bayan mako. Jirgin ruwa ba zai jira ba.

To, me ke faruwa idan jirgi ya doshi tasha? Aikin ya fara tun kuna tsakiyar teku. Kyaftin na tura wa ejan takardun da yarjejeniyar sauƙaƙa zirga-zirgar jirage ta 1965 ta tsara. Fom na 5 shi ne jerin ma'aikata: suna, muƙami, ƙasa, rana da wurin haihuwa, irin takardar shaida da lambarta da ranar ƙarewarta. Fom na 4 na kayan ma'aikata ne. Amurka na son sanarwa awa 96 kafin isowa. Daga 1 ga Janairu 2024 kuma IMO ta wajabta wa tashoshi karɓar waɗannan bayanai ta kafa ɗaya ta intanet. Ma'anar wannan gare ka ita ce sunanka ya riga ka isa, kuma kwamfuta ta riga ta gwada shi. A da jami'i na iya duban fuskarka ya yi maka uzuri. Kwamfuta ba ta yi.

Ga abin da nake yi tun daga waccan rana, kuma shi ne mafi amfani a duk wannan rubutu. Ranar da na hau sabon jirgi, bayan na gaida kyaftin da babban injiniya, sai in nemi hafsan da ke buga jerin ma'aikata, yawanci hafsa na uku ne, in ce, "Yallaɓai, don Allah in ga layina." In buɗe fasfo in bi da yatsa. Lambar fasfo, sifiri ne ko harafin O? Wurin haihuwa, Daura aka rubuta ko Katsina? Abin da fasfo ya ce shi za a sa. Minti biyar ne. Ban taɓa samun hafsan da ya ji haushi ba, don idan aka samu kuskure jirgi ake ci tara, kuma shi za a fara tambaya.

Da jirgi ya shigo za ka ga an ɗaga tuta ruwan ɗorawa. Neman izinin jami'an lafiya ke nan, su ke fara hawa, kuma kafin su sallama babu mai hawa babu mai sauka. Sai shige da fice, sai kwastan. Haka ake yi a Apapa da Tin Kan da Onne, haka ake yi a waje. Idan aka ce kowa ya hallara a duba fuska, ka zo da tsabta, ka cire hula idan an nema, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Idan ka tara gemu bayan hoton fasfo, ba matsala ba ce, ka dai tsaya a dube ka da kyau. 'Yan'uwa mata da ke wannan aiki, don akwai su, hotonsu da ɗankwali ko hijabi na karɓuwa muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa.

A fom na kaya ka rubuta gaskiya: waya nawa, kwamfuta, kuɗi, magani. Duk maganin da likita ya rubuta maka ka riƙe takardarsa. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramadol da ake saye a kemis ba takarda, a wasu ƙasashe ɗauri ne kai tsaye. Guzurin gida ma a yi hattara. Inna ba ta taɓa barina in tafi ba kilishi da yaji da daddawa, kuma a cikin jirgi suna da daraja, amma kada ka sauka da nama ko iri a aljihu. Ostareliya musamman ba ta wasa da wannan.

Idan an ba ka takardar izinin sauka, ka karanta iyakarta. Wata ta gari ɗaya ce, wata na da awa. A bakin tsanin jirgi akwai allo da aka rubuta lokacin da kowa zai dawo, akwai kuma mai gadi da littafi. Wannan tsari na dokar tsaro ta ISPS ne, wadda ta fara aiki 1 ga Yuli 2004, mai matakai uku. A mataki na 1 ana duba shaida a rubuta suna. A na 2 ana ƙara bincike. A na 3 ka ɗauka babu sauka. A ƙofar tasha za su sake neman takardar da katin shaida mai hoto, wasu wuraren ba a tafiya da ƙafa a cikin tasha, sai motar da aka tanada. Cibiyoyin kula da ma'aikatan jirgi irin su Stella Maris kan zo da mota kyauta. Na coci ne, amma ba su taɓa tambayata addinina ba, kuma sau da yawa su suka nuna mini hanyar masallaci. Ka rubuta sunan jirgi, lambar wurin da ya ɗaure, da wayar ejan a takarda ka sa a aljihu, kada ka dogara da waya kaɗai. Ka dawo awa guda kafin lokaci. Wanda jirgi ya tashi ya bari, a rubuce ya zama wanda ya gudu, kuma wannan tabo na bin fasfonsa zuwa kowace ƙasa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Ana yawo da talla a Facebook da WhatsApp: biya kaza a ba ka dischaj buk da aiki cikin mako biyu, ba horo ba likita. Wani yaro daga wajen Mai'aduwa ya kawo mini irin wannan littafi, mahaifinsa ya jinginar da gona a kansa. Da na buɗe na ga hatimin jiragen da bai taɓa gani ba, sai da na rasa abin da zan ce wa dattijon. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a Agusta 2013 kuma Najeriya na cikinta, ta hana dillalin aiki karɓar kuɗi daga ma'aikaci don sama masa aiki. Abin da ke kanka shi ne kuɗin fasfo, littafin aiki, da takardar likita. Kuɗin biza na mai jirgi ne. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin gurbi, ka tashi ka bar wurin.

Masu tunanin laɓewa a jirgi kuma, ku tuna mutum ukun nan da aka ɗauki hotonsu a Nuwamba 2022 zaune a kan abin juya akalar wani jirgin mai, bayan kwana 11 daga Legas zuwa Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifen. Waɗannan sun rayu har aka gan su. Ni ina aiki a kusa da wannan wuri, na san ƙarar farfela da sanyin ruwan dare, kuma ba na so in ji an ce ɗan unguwarmu ya gwada.

Idan kwantiragi ya ƙare, kada murnar gida ta sa ka sauka ba ka buɗe dischaj buk ba. Ka duba ranar hawa da ta sauka, muƙami, ƙarfin inji ko nauyin jirgi, sa hannu da hatimi. Da zarar jirgi ya bar tasha, neman sa hannun wannan kyaftin ya zama aikin watanni. Ka tabbata jami'in shige da fice ya buga maka hatimin fita, ka bi ejan har filin jirgi.

A gida kuma maƙiyan takarda uku ne: gara, ɗigon damina, da yara. Nawa suna cikin jakar roba mai zif, a cikin akwatin ƙarfe, a kan kabad. Ba na yi wa na asali laminetin, don wasu jami'ai na son taɓa hatimi da hannu. Kowace na ɗauki hotonta na tura wa kaina ta imel, fotokwafi ɗaya kuma na wurin ƙanena a Katsina. A cikin murfin akwatin na manna takarda mai ranar ƙarewar kowace, ta likita a sama domin ita ke fara mutuwa. Tawa saura wata huɗu, don haka bayan Sallah zan hau motar Legas.